Haƙƙin Lakwal A Kan Iyaye: Nasiha Ga 'Yan'uwa Na Damargu

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya 'ya'ya sanyin ido ga iyayensu, kuma ya sanya su jarrabawa a kansu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi na Damargu, daga Bakin Birji zuwa Tanut, daga Gangara da Falanko zuwa Belbeji, da ku mazauna rugage da zanguna na wajen Tenhiya. Abin da na ɗauko a wannan fitowa ba ya cikin babukan da aka saba jin wa'azi a kansu. Na san wani zai ce, me ya haɗa malami da taron lakwal? To, ku yi mini haƙuri ku bi ni a hankali.

Bara, bayan an gama girbi, tafiya ta kai ni wani ƙauye a yammacin Tanut. Ba zan faɗi sunansa ba, domin abin da na gani a can ba nasu ba ne su kaɗai. Darektan lakwal ya roƙi liman ya sanar cewa akwai taron iyayen yara bayan La'asar. Liman ya sanar da masallaci cike, kowa ya ji. Da lokaci ya yi na bi shi zuwa gindin aduwar da ke farfajiyar makaranta, muka tarar da darekta, da mushe guda, da wakilin mai gari, da dattawa bakwai, uku daga cikinsu ma ba su da ɗa ko jika a makarantar, kara ce kawai ta kawo su. Aka jira har rana ta yi ja, aka yi addu'a aka watse. Washegari akwai suna a garin. Tun kafin rana ta fito ƙofar gidan ta cika maƙil, har tabarmi suka kasa. Ni ma ina cikinsu, na karɓi goro da dabino. Amma ina zaune ina cewa a raina, yau mun taru domin a raɗa wa yaro suna, abin da ake gamawa cikin minti biyar, jiya kuwa an kira mu shawara a kan shekara shida na rayuwar 'yan'uwansa, mun ce muna da uzuri.

Ka sani ya ɗan'uwa, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya siffanta kowane ɗayanmu da makiyayi wanda za a tambaya game da abin kiwonsa, ya ambaci namiji a cikin iyalinsa, ya ambaci mace a cikin gidan mijinta. Mutumin Damargu ba ya bukatar a fassara masa kiwo. Wanda ya ba Bafillace shanunsa ba ya kwana uku a kasuwa bai tambayi labarinsu ba. Yana aika kanwa da gishiri da dusa. In ya ji an sauka kusa, sai ya hau jaki ko babur ya je ya gan su da idonsa, ya ƙirga, ya duba wadda ta rame, ya tambayi wadda ta haihu. In aka ce masa ɗaya ta ɓata, ba ya cewa ai na ba makiyayi, ruwansa. To, yaya wannan mutum ɗin zai miƙa ɗan cikinsa ga wani saurayi da aka turo daga Damagaram ko Maraɗi, shekara ta zagayo bai san sunan saurayin ba, bai san a wane aji ɗan nasa yake ba, bai taɓa taka farfajiyar makarantar ba? Makiyayin haya ba ya ɗauke wa mai dukiya tambaya. Haka malamin lakwal ba ya ɗauke wa uba tambayar ranar Lahira.

A cikin Suratut Tahrim, aya ta 6, Allah (S.W.T.) ya umurci muminai su tsare kansu da iyalansu daga wuta, kuma malaman tafsiri sun kawo daga Sayyidina Aliyu cewa hanyar tsarewar ita ce a ilmantar da su a ladabtar da su. Yaron da ke cikin lakwal yana ciyar da mafi kyawun sa'o'in yininsa a can, daga Oktoba har zuwa Yuni. Abin da ya ji a can, da wanda ya zauna da shi, da halin wanda ke tsaye gabansa da alli, duk suna shiga cikin tarbiyyarsa, ko uba ya so ko bai so ba.

Na san tushen wannan ja da baya, kuma ba na raina shi. Kakanninmu sun ga zamanin da Nasara ke aiko wa sarakuna a kawo yara da ƙarfi, har ana ɓoye yaro a cikin rumbu, ana tura ɗan talaka a madadin ɗan mai hali. Wanda ya gaji wannan labari dole ya ɗauki lakwal abin gwamnati, a ba ta yaro kamar yadda ake ba ta haraji, a juya baya. Amma shekaru sun shuɗe. Tun 1957 aka buɗe makarantar farko mai haɗa Larabci da Faransanci a garin Sayi. A 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a birnin Damagaram, nan kusa da mu. A watan Maris na 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Malamin da ke cikin ajin yau ɗan Musulmi ne, sahunmu ɗaya da shi a masallaci. Kuma ita kanta hukuma ta daɗe da buɗe wa iyaye ƙofa. Dokar tsarin ilmi ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta sanya iyaye cikin masu ɗaukar nauyin makaranta tare da gwamnati. A farkon shekarun 2000 aka fara kafa kwamitocin kula da makarantu da kowa ya sani da sunan COGES. Wani shiri da ƙasar Japan ta tallafa ya fara ƙarfafa su a jihar Tawa a 2004, ya shigo jiharmu ta Damagaram, kana a 2007 aka bazu da tsarin a ƙasa baki ɗaya, a 2012 kuma aka sauya musu suna zuwa CGDES. A cikin kwamitin nan akwai kujerun ƙungiyar iyayen yara, akwai ta ƙungiyar iyaye mata, tare da darekta da wakilin malamai, kuma taron jama'ar gari ne ke amincewa da ayyukan da za a yi a shekara. Wanda aka shimfiɗa wa tabarma ya ƙi zama, ba shi da bakin cewa an yi shawara ba da shi ba.

Masu cewa karatun boko ba shi da gurbi a addini, sai su tuna da abin da ya faru bayan yaƙin Badar, shekara ta biyu bayan Hijira. Fursunonin Ƙuraishawa da ba su da kuɗin fansa, amma sun iya rubutu, an yarda kowane ɗaya ya koya wa yara goma na Madina rubutu ya fanshi kansa. Ku duba da kyau, waɗannan malamai mushrikai ne da suka zo yaƙar Annabi (S.A.W.) jiya-jiya, duk da haka aka zaunar da 'ya'yan Ansaru a gabansu, a cikin Madina, a kan idon iyayensu. Zaidu ɗan Sabitu kuwa Annabi ne da kansa ya umurce shi ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan da in wasu suka ɗauka sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi, har ya yi kukan garuruwan Musulmi da ba su da likita sai wanda ba Musulmi ba. Tun 2011 matatar man fetur ke aiki a ƙasar Olelewa, a shekarar nan kuma Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ofisoshinta da ma'aikatanta. Ko 'ya'yan Damargu za su zauna a cikin waɗannan wurare ko za su tsaya a bakin ƙofa, ana yanke wannan hukunci ne a ajin farko na lakwal ɗin ƙauye.

Yanzu bari in shiga cikin kwamitin kansa, domin a nan ne amana take, a nan ne kuma ake yawan cin ta.

Farkon ɓarna tana shiga ne ranar zaɓe. An tsara a jefa ƙuri'a a asirce, domin talaka ya zaɓi wanda ya yarda da shi ba tare da jin nauyin kowa ba. Mu kuwa sai mu ce wannan ɓata lokaci ne, wani ya miƙe ya ce ai ga ƙanen mai gari, ko ga Alhaji wane, kowa ya ce madalla, a shafa fatiha. Alhajin nan wata tara yana Agadas ko Kano wajen fatauci. An ba shi girma, an hana makaranta shugaba. Allah ya yabi muminai a Suratush Shura da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, kuma shawarar da mutum ɗaya ya yi magana saura suka sunkuyar da kai, sunanta kawai shawara. Ku tuna Abu Zarri, Allah ya yarda da shi, da tsoron Allahnsa da gaskiyar harshensa, ya nemi a ba shi wani aiki, Annabi (S.A.W.) ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa cewa shi mai rauni ne, abin kuwa amana ce da ke zama nadama ranar Ƙiyama ga wanda bai ba ta haƙƙinta ba. In an hana Abu Zarri, to, yawan shekaru ko yawan raƙuma ba su isa hujjar ba mutum shugabancin iyayen yara ba. A nemi wanda ke kwana a gari rani da damina, wanda ɗansa ko 'yarsa ke cikin ajin, wanda zai iya duban darekta ya ce masa Malam, nan ka yi daidai, nan kuwa ba mu gane ba.

Sai batun kuɗi. Abin da ake tarawa ba shi da yawa, wani gida dala ashirin, wani dala ɗari, wani tiyar hatsi, wani damin kara. Ƙanƙantarsa ce ke sa a raina shi, raina shi kuwa ke sa a ci shi ba a ji an ci haram ba. Ma'aji ya sa kuɗin a aljihun da yake sa nasa, ranar kasuwa ta zo, ya ce bari in ara in mayar. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa shaidu, kuma ta hana a ƙosa da rubuta shi komai ƙanƙantarsa. Ashe kaye ɗin dala hamsin da magatakarda zai riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita yana da asali a cikin Littafin Allah. A karanta shi da Hausa a gaban jama'a, da Tamajak ko Fulatanci inda ake bukata, aƙalla farkon shekara da tsakiyarta da ƙarshenta. Ma'ajin da ya ji haushi don an ce ya karanta lissafi, ya binciki zuciyarsa. Wanda ya tambaya kuma kada a ce masa mai neman fitina. Annabi (S.A.W.) da kansa ya yi wa ma'aikacin zakka Ibnul Lutbiyya lissafi, da mutumin ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka ba shi, sai Annabi ya hau mumbari ya yi tir da haka, yana nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa kyautar. Wannan ya shafi buhun shinkafar kantin makaranta, da katan ɗin kaye da alli da aka aiko daga Tanut, da ɗan abin da mai kwangilar gini ke miƙa wa shugaban kwamiti a bayan ɗaki.

Akwai wani zalunci da ake yi da sunan tsare doka, shi ne korar yaro daga aji don ubansa bai biya karo-karo ba. Na ga yarinya tana tafe tana kuka da hantsi, allonta a hannu, an ce ta je ta kawo dala arba'in, uban kuwa yana Libiya shekara biyu ba aike. Laifin me ta yi? Kuɗin nan jama'a ce ta ɗora wa kanta, jama'a kuma ta san gidan marayu da gidan da rumbunsa ya ƙare tun hunturu. Annabi (S.A.W.) ya yabi Ash'arawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya danganta kansa da su. Mu da muka ga 1973 da 1984 da 2005, ko muka ji su daga bakin iyayenmu, mun san babu gidan da ya fi ƙarfin shekara ta juya masa baya. Mai hali ya biya wa maƙwabcinsa a asirce, kwamiti ya rubuta an biya, a rufe maganar.

Mu zo ga rumfunan kara. A ƙauyuka da yawa ajin siminti ɗaya ne ko biyu, sauran kuwa sai an jira an gama girbi an samu kara da zana kafin a kafa su. Ana buɗe makarantu a Oktoba, mu kuwa ba ma waiwayar rumfa sai an kai dami gida, an ɗebe wake, an huta, wani lokaci har Disamba. Hadarin farko na Yuni kuma ya kwashe ta. Ku lissafa da kanku watannin da suka rage wa yaron. Gayyar da muke yi wa gonar suruki, me zai hana a yi wa ajin 'ya'yanmu ita da karan farko da aka sara? Kuma wallahi a ji tsoron Allah wajen yadda ake kafa su. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara kimanin ashirin suka rasu, yawancinsu ƙanana. A watan Nuwamba na shekarar nan irin haka ta sake faruwa a Maraɗi, aka rasa fiye da ashirin. Allah ya sa masu ceton iyayensu ne. Rumfa ta zama da ƙofa biyu masu faɗi, a nisanta ta da 'yar'uwarta, a nisanta ta da murhun masu tuya da ke bakin makaranta, a share busasshiyar ciyawa kewaye da ita. Wannan ba ya bukatar a jira kowa daga Yamai. Garin da ya iya gina masallaci da tubalin ƙasa kuwa, ya iya gina aji da shi.

Shi ma mushe yana da haƙƙi a kanmu, na baƙunci kafin na malanta. Yaro ne aka ɗauko daga gari mai famfo da lantarki aka ajiye a inda rijiya ke da gaba da yawa, albashinsa kuma sai ya yi tafiya kafin ya taɓa shi. In bai samu ɗakin kwana ba, ba mai kawo masa tulun ruwa, ba mai ce masa sannu da aiki, kada mu yi mamaki in tafiyar kwana biyu ta zama ta kwana goma. A ba shi ɗaki, a sa shi cikin mutane, in matarsa ta haihu a je masa barka. Bayan an yi masa wannan, sai a samu bakin tambayarsa ranar da aji ya wuni a rufe. A fara da nasiha a keɓe. In abin ya ci gaba, kwamiti ya rubuta ranakun ya kai wa mai duba makarantu, ba tare da zagi ko tozartawa ba. Yin shiru a kan wannan ba kara ba ce, domin haƙƙin yara ne ake yafewa, ba kuwa namu ba ne balle mu yafe.

Malamanmu na mazhabar Maliku sun riga kowa tsara wannan zama. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi a kan ladubban masu koyar da yara, inda ya wajabta wa malami daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya hana shi aiken yara cikin bukatun kansa, ya iyakance horo ƙwarai, ya mayar da abin da ya wuce iyakar ga izinin uba. Risalar Ibnu Abi Zaidin da muke karantawa a zaurukanmu, ai wani malamin yara ne na Tunis ya roƙa a rubuta masa ita domin almajiransa. To, uban da ke kai ɗansa yana cewa Malam, naka nama nawa ƙashi, ya sani ba daga waɗannan malamai ya ɗauko maganar ba. Nana A'isha ta shaida cewa Annabi (S.A.W.) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba, Anas kuma ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro bai ji ko tsaki daga gare shi ba. Yaran da ake turawa itace ko ɗiban ruwan gidan malami a lokacin darasi, wannan ma magana ce ta kwamiti.

Ya ku iyaye mata, ku ne kuka san abin da mu maza ba mu sani ba. Ke kika san yaron da ya fita bai karya ba, ke kika san yarinyar da ta daina son zuwa makaranta da dalilin da ya sa, ke ce kuma ke yanke shawarar wa zai kora jaki a bakin rijiya yau, wa zai ɗauki tallan ranar kasuwa. A gidaje da yawa na Damargu, da zarar an gama kaka maza sun tafi bida, wasu Agadas da Arlit, wasu Libiya, wasu wajen zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014, gari ya rage daga mata sai tsofaffi. In aka ce mace ba ta zuwa taron makaranta, to wa ya rage ya je? A ware musu wurinsu da lokacinsu cikin mutunci da sutura, a saurari wakiliyarsu in ta yi magana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tsara jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Mu da ke alfahari da su, kada mu zama mutanen da Shehu ya soka.

Kuma ina tambayar ɗan'uwana da ke cire 'yarsa daga aji na huɗu ko na biyar, ranar da matarka ke naƙuda aka kai ta likita, wa kake fata ka tarar, namiji ko mace? Kowa zai ce mace. To, 'yar wa? In kowane uba ya ce ba tawa ba, daga ina za ta fito? A watan Disamba na 2017 hukuma ta fitar da doka a kan kare 'ya mace da tallafa mata a lokacin karatunta. Ni dai a ganina tsoron da iyaye ke yi wa tarbiyyar 'ya'yansu mata, musamman in za su bar ƙauye zuwa kwaleji a Tanut ko Belbeji, tsoro ne na gaskiya, ba a kawar da shi da takarda. Ana kawar da shi ne in iyayen gari sun haɗu sun san gidan da za ta sauka, da matar da za ta riƙe ta, da wanda zai riƙa kai mata hatsi yana dubo ta. Wannan aiki ne da ƙungiyar iyaye mata za ta fi kowa iyawa.

Game da ɗaukar yara a tafi da su bara ƙasashen waje, ya ishe mu abin da ya faru a Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, fiye da rabinsu yara, akasarinsu daga ƙasar Kance. Hanyar da ke kai mutane can ta cikin Tanut ta ratsa. Kujerar da ta zama wayam a aji, ya kamata kwamiti ya san inda mai ita yake tun kafin mako ya cika.

'Yan'uwanmu makiyaya, Fulani da Buzaye da Larabawa, uzurinku ya fi na kowa ƙarfi, domin dabba ba ta san Oktoba ba, ruwa da ciyawa take bi. Inda akwai makaranta mai kantin, ku sa naku mutum a cikin kwamiti, wanda zai ga abin da ake dafawa da inda yara ke kwana. Mutanen gari kuma su riƙi ɗan makiyayi da aka bar musu kamar yadda suke so a riƙe musu shanunsu a daji.

Wani zai ce, ni ban yi boko ba, me zan duba? Ka duba abin da ido ke gani. In yaro ya dawo, ce masa kawo kayenka. Ko ba ka san harafi ɗaya ba, ka san shafin da aka rubuta da wanda ba a rubuta ba, ka san jan bik na malami in ya bi ta kai, ka san in mako ya wuce ba a ƙara komai ba. Ce masa ya karanta maka, ya faɗa maka ma'anarsa da Hausa. In ka sayar da akuya, ba shi lissafin ya yi. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa kuɗin tiya uku ba, akwai magana, kuma gara a yi ta bana da a yi ta ranar da ya faɗi jarrabawa. A bar masa fitila rabin sa'a da dare. A zauna da malamin allo a daidaita lokaci, asuba da dare na allo, hantsi da yamma na lakwal, kada a mayar da yaro igiyar da malamai biyu ke ja. In lokacin tashi daga aji yana cin sallar Azahar ko La'asar, a faɗa a taro, a share wuri a farfajiya a ajiye butoci, ban taɓa jin darektan da ya ƙi wannan ba in iyaye suka nema da baki ɗaya.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana limamai da masu wa'azi na rassanmu. Sanarwa bayan sallama ba ta isa ba, na ga iyakarta a gindin aduwar nan. In ranar taro ta zo, liman ya naɗa rawaninsa ya ɗauki sandarsa ya ce wa sahun farko ku tashi mu je, ya zauna har a karanta lissafi, ya yi tambaya ɗaya ko biyu domin mai jin kunya ya samu ƙarfin yin tasa. Kowane reshe kuma ya aiko mana da labarin ranar da aka yi taron farko na bana a garinsa, da yawan waɗanda suka halarta maza da mata, da ranar da aka gama kafa rumfa, za mu buga a fitowa ta gaba in Allah ya so.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu.